Mun Biya, Amma Ba Mu Karɓi Takarda Ba

Maƙerar Kawuna rumfa ce ta kara a bayan kasuwar Gaya, kuma aikina na farko a duniya shi ne zuga. Ina zaune a ƙasa da zuga-zugin fatar akuya a gabana, in danna na dama in saki, in danna na hagu, har gawayin ƙirya ya yi jajir. Shi kuma ya zaro ƙarfe da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera ya hau duka. Garma, fartanya, lauje, magirbi, duk daga wannan rumfa suke fita kafin saukar damina. Idan hannuna ya gaji na sassauta, ba ya ko ɗaga kai, sai dai ya ce, "Ɗan nan, wuta tana kwanciya."

Mutanen Gaya ba baƙin wuta ba ne. Tarihin da muka gada ya ce maƙera ne daga Gaya, Abagayawa, suka bi sawun tama har dutsen Dala, kuma sunan ɗaya daga cikinsu ne ya zama sunan Kano. A wancan zamani duk abin da ya shafi wutar sana'arka yana hannunka. Ka san mai kawo maka gawayi, ka san ƙauyensu, ka san kuɗin buhu. In ya kawo jiƙaƙƙe ka mayar masa, in ya yi gardama ga sarkin maƙera, ga mai unguwa. Ciniki ne tsakanin mutum biyu da suka san juna.

Lantarki kuwa da ta zo, ba a matsayin ciniki muka karɓe ta ba. Na tuna daren da ƙwan fitila ya fara kamawa a zauren gidanmu. Inna ta hure acibalbal ta ajiye a kan bango, mu kuma yara muka ƙi barci, muna kallon ƙwari suna zagaya hasken. Gwamnatin Abubakar Rimi, daga 1979 zuwa 1983, ta yi suna wajen kai wuta karkara, kuma tun daga lokacin duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a sai ya sa falwaya da taransifoma a cikin alkawarinsa. Ba mu san cewa a 1972 aka haɗa hukumar lantarki ta ƙasa da hukumar madatsun Neja aka haifi NEPA ba. Ba mu san cewa wani ɓangare na hasken daga Kainji yake tasowa ba, madatsar da aka gama a 1968. Abin da muka sani shi ne wuta ta gwamnati ce, kamar rijiyar burtsatse da asibitin shan magani. An ba mu, mun gode.

Wannan fahimta ta daɗe a zukatanmu, kuma a ganina ita ce ta fi komai cutar da mu. Wanda ya ɗauki abu kyauta ce, in an hana shi sai ya yi roƙo. Wanda ya san saya ya yi, shi ne yake tambayar awo da farashi da rasit.

Kawu ya sayi injin walda. Ya koma yin ƙofofi da tagogi da gyaran amalanke, zuga-zugin ya rataye shi a jikin ginshiƙi. Shekarun farko sun yi masa kyau. Daga baya wuta ta fara zuwa da tsakar dare, sai ya koma kwana a shago da kunne a buɗe: da zarar ya ji yara sun ɗauki ihun "an kawo, an kawo," sai ya tashi ya jona, ya yi ta aiki har a ɗauke. Wata rana ta zo ba ƙarfi, sandar walda ta riƙa mannewa a jikin ƙarfe maimakon ta narke. Daga nan ya ci bashi ya sayi janareto.

Wata damina, shekaru kaɗan bayan an sayar da kamfanonin wuta, tsawa ta faɗa wa taransifomar unguwarmu. Mai unguwa ya tara magidanta a ƙofar gidansa bayan sallar isha'i. Ba a yi doguwar muhawara ba, domin azumi ya ƙarato kuma kowa yana tunanin ruwan sanyi. Aka yanka wa kowane gida abin da zai kawo, masu injin niƙa da masu walda aka ninka musu. Kawu ya sayar da ragon da yake kiwo domin layya. Aka tura mutum uku birni suka sayo wadda aka yi wa garambawul, aka ɗauko ta a bayan akori-kura, yara na bin motar da gudu. Ranar da aka jona ta an yi addu'a, an raba goro. Ba wanda ya hana mu rubuta komai. Mu ne ba mu nema ba, domin bai ma zo mana a rai ba.

Sai bayan shekaru na karanta cewa hukumar da ke sa ido kan harkar lantarki, NERC, ta sha nanata cewa sayen taransifoma da falwaya da waya nauyin kamfanin rarraba wuta ne. Kuma tun 2015 akwai ƙa'idar da ta ce idan al'umma ta ga ba za ta iya jira ba, tana iya zuba kuɗinta, amma sai an ƙulla yarjejeniya a rubuce tun kafin a fara, domin a san yadda za a mayar mata da abin da ta kashe. Da na kai wa Kawu wannan labari, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Wato ragona yana da takarda, ni ne ban karɓa ba?" Na ce, "Haka ne, Kawu." Ya ce, "To wa ya taɓa faɗa mana da Hausa?"

Har yau ban sami amsar da zan ba shi ba.

A saman kawunanmu kuwa an yi ta sauya hannu. Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005, zamanin Obasanjo, ta rushe NEPA ta kawo PHCN, aka tsaga ta gida 18: shida masu samar da wuta, ɗaya mai dakonta a manyan layuka, 11 masu rarrabawa. Ranar 1 ga Nuwamba 2013, zamanin Jonathan, aka miƙa mafi yawansu ga 'yan kasuwa. Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO, kamfanin Sahelian ya riƙe kashi 60 cikin ɗari, gwamnati ta riƙe 40. A watan Yuli na 2022 bankin Fidelity ya karɓe ragama saboda bashi, sannan a ƙarshen 2023 kamfanin Future Energies Africa ya shigo. A Gaya har gobe "'yan Nepa" ake cewa, kuma ban ga laifin mai faɗin haka ba, tunda falwayar da ke ƙofar gidansa ita ce dai ta jiya.

Abin da ya sauya na gaske shi ne lissafi, kuma ya kamata mu fahimce shi ba tare da zagin kowa ba. Duk ƙasar nan mai mutum sama da miliyan 200, wutar da ake iya kaiwa ga jama'a ta daɗe tana kai-kawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Rabon da aka saba ware wa yankin KEDCO kashi 8 ne cikin ɗari. In an samar da 4,000, ke nan wajen 320 ne za a raba wa jihohi uku, da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a ciki. Ka sa kanka a kujerar mai rabon. Ga layin da ke shiga unguwar masana'antu, gajere, kowa da mita, kuɗi na dawowa ƙarshen wata. Ga kuma layin da ya taso ta Wudil ya miƙa gabas, ya ratsa gonaki da ƙauyuka, iskar farkon damina tana kayar da turakunsa, ɓarayi na kwance wayarsa, a ƙarshensa kuma gidaje ne masu ƙwai uku da fanka ɗaya, yawancinsu ba mita. Ɗan kasuwar da ya ciwo bashin banki ya san inda zai fara turawa.

Daga 2020 wannan lissafi ya zama doka a fili. Aka kasa layuka rukuni biyar: rukunin A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4, kowa da farashinsa. A ranar 3 ga Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A daga naira sittin da 'yan kai zuwa naira 225 kowane yunit, sauran rukunan aka bar su da tallafi. Da jin haka za ka ce an tausaya wa talaka, kuma ta wata fuskar an tausaya ɗin. Amma duba ɗaya fuskar. Idan yunit ɗaya yana kawo ninki uku a wani layi, to kowane yunit da aka turo ƙauye kamar asara ce a littafin kamfani. Arhar da aka bar mana ta zama dalilin da zai sa a ƙara nesanta mu da abin.

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin masu ilimi a birni, wai mutumin karkara ba ya son biyan kuɗin wuta. Gaskiya ne akwai masu jona waya ta bayan fage, akwai unguwannin da ake kora masu kawo bil, kuma wannan ba daidai ba ne. Amma duk mai wannan magana ya zo ranar kasuwar Kademi ya tsaya a gaban rumfar mai caji. Allo ne na katako an jera masa soket kamar hamsin, kowace waya an manna mata 'yar takarda da lamba, ƙaramin janareto yana ta kuka a baya. Na ba da wayata, na biya naira 100. Batirin waya irin tawa ba ya cin fiye da kashi ɗaya cikin hamsin na yunit. Wato mai tallan gyaɗa da ta kawo wayarta caji tana sayen yunit ɗaya a kan kusan naira 5,000, alhali mai gidan sama a Nasarawa cikin birni yana kukan naira ɗari biyu da ɗoriya. Haɗa da kuɗin batirin tocila, da kuɗin niƙa a injin dizal, da ƙanƙarar da ake kawowa daga nesa a watan azumi. Babu wanda ya kai mutumin ƙauye sayen makamashi da tsada a ƙasar nan. Bambancin kawai, abin da yake biya ba ya shiga littafin kowa, shi ya sa idan an zauna tsara manufa a Abuja ake ƙirga shi cikin waɗanda ba su da kasuwa.

Dangin mahaifiyata a ƙasar Ajingi suke, wani ƙauye kusa da fadama. Ƙidayar 2006 ta ba Ajingi mutum sama da 170,000, Gaya kuma sama da 200,000, kuma mafi yawansu noma ne abin yinsu. A can, maganar makamashi ba ta ƙwan fitila ba ce, ta injin ban ruwa ce. Yayana, ɗan yayar Inna, yana noman rani: albasa, tumatir, tattasai, wani lokaci alkama. Ya gaji jigo daga mahaifinsa, ya bar shi ya koma injin fetur da rijiyar tiyo, gonarsa ta ninka sau huɗu. Shekara da shekaru rayuwarsa tana rataye a kan farashin lita, ko da yake bai taɓa sayenta a farashin gwamnati ba, domin kafin mai ya iso ƙauyensu ya bi ta hannun 'yan bumburutu.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwana biyu, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ban ce tallafin ba shi da aibu ba. An sace da yawa da sunansa, an tsallaka da mai ƙasashen maƙwabta, kowa ya sani. Amma masu lissafin cire shi mai mota suka gani, ba su ga mai albasa ba. Ranin da ya biyo baya na je fadama na tarar da rabin gonar Yaya a bushe, ya kasa ba ta ruwa. Wasu maƙwabtansa sun kai injinansu wajen bakanike an sauya musu kafireto, ga tukunyar gas a gefen rijiya ana ban ruwa da ita. Na tsaya ina kallon tiyon gas ɗin da aka ɗaure da roba, gabana yana faɗuwa, amma me za ka ce wa mutumin da shukarsa ke mutuwa?

Sola ta shigo ne ta wannan ƙofa, ba ta ƙofar wata manufa ba. Da farko ƙananan fitilu masu faranti kamar tafin hannu, sai farantin da ake jinginawa a kan danga domin cajin waya, sai burtsatsen masallaci, sai firjin allurar rigakafi a asibiti. Yanzu ga famfon ban ruwa. A watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna kuma layin Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, mafi yawan Arewa ta yi sama da mako guda cikin duhu. Masu casar shinkafa a Kano sun tafka asara, ruwan sha ya yi tsada. Ina ƙauyen su Yaya a cikin kwanakin, ana tsakiyar kaka, burtsatsen sola yana ta zuba kamar kullum. Na yi murna da ruwan, amma abin ya sosa mini rai, domin ya nuna mini yadda babban layin ƙasa ya daɗe da fita daga lissafin mutanen nan.

Ita ma solar tana da nata ciwon. Da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kowane faranti da batir da inbata da dala ake shigo da su. Kasuwa ta cika da jabu: a rubuta wat 300 a bayan faranti, ka kai gida ya ba ka rabi, batir ya kumbura kafin shekara. Babu wanda manomi zai kai wa ƙara. Da na ji a watan Maris na 2025 ministan kimiyya da fasaha na lokacin, Uche Nnaji, yana maganar hana shigo da farantan sola domin a ƙarfafa na gida, sai na ce a raina, a fara gina masana'antar tukuna, kada a toshe wa mai ƙishirwa rijiya ɗaya da ta rage masa.

Duk da haka, a karon farko a rayuwata doka ta matso kusa da mu. A watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya ba jihohi damar samar da wuta da dakonta da rarraba ta, ko da a inda babban layin ƙasa ya kai. A watan Yuni Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Lantarki ta 2023. Tun Afrilu 2024 Inugu da Ekiti da Ondo suka fara karɓar ikon kula da kasuwar wutarsu daga hannun NERC. Dokar ta kuma ce wanda zai samar da abin da bai wuce megawat ɗaya ba, ba ya buƙatar babban lasisi. Akwai ƙa'idar ƙananan tashoshin gari, wadda aka fara fitarwa a 2016 aka sabunta a 2023, har da tsarin yarjejeniyar mutum uku tsakanin al'umma da mai zuba jari da kamfanin rarrabawa, domin garin da yake da falwaya amma ba wuta. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 a watan Disamba na 2023 domin irin wannan aiki ta hannun hukumar wutar karkara, REA. Kano ta ga misalai: Jami'ar Bayero ta sami tashar sola mai megawat 7.1 a 2019, an buɗe ta megawat 10 a Kumbotso a watan Janairu na 2023, ga ta ruwa a madatsar Tiga. Dukkansu dai birni suka fuskanta.

In irin wannan ta iso Toranke ko Balare ko Shagogo, kuma ina fatan ta iso, tsorona ɗaya ne: kada a sake raba goro a tashi. Waye mai filin da za a kafa farantan, aro ne ko haya, na shekara nawa? Nawa ne yunit, kuma wa zai zauna a teburi ranar da za a ƙara kuɗi? In batir ya mutu a shekara ta biyar, wa zai saya? Mai injin niƙa da mai walda za su iya jonawa, ko wutar kallon ƙwallo ce kawai? Sarkin Gaya da hakimai da dagatai suna da rawar da za su taka a nan wadda ta fi yanka kintinkiri, haka ma 'ya'yan yankin da suka karanta shari'a da injiniya a Wudil da Kano. Majalisar jiha kuwa, duk dokar wutar da za ta yi, in ba a fassara ta an karanta a rediyo ba, to ba a yi ta domin Kawu ba.

Ranin bana Yaya ya kira ni a waya. Su bakwai masu gonaki maƙwabta sun haɗa kai za su karɓi famfon sola, biya kashi-kashi bayan kowane girbi. Ya ce, "Ƙanena, an ba mu takarda shafi huɗu da Turanci, an ce mu dangwala. Na ce ba mai dangwalawa sai ka zo." Na je ranar Asabar. Muka zauna a zauren dagaci, wakilin masu kayan yana gefe, yaro ne mai ladabi. Na riƙa karantawa layi-layi ina fassarawa. Da muka zo inda aka ce in an saɓa biya sau biyu za a kwance kaya kuma abin da aka riga aka biya ya tafi, sai zauren ya yi tsit. Wani dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, in ambaliya ta cinye albasa fa, kamar shekarar da ta wuce mana da komai?" Dagaci ya dubi yaron ya ce, "Ka ji tambayar dattijo." Yaron ya fita waje ya yi waya mai tsawo. Da ya dawo ya ce an yarda a ɗaga biya zuwa girbi na gaba idan dagaci da malamin gona suka shaida asarar, kuma gyaran shekara biyun farko a kansu yake.

Na rubuta waɗannan biyun da biro a ƙasan shafi na huɗu, da Turanci da Hausa, kowa ya sa hannu, masu dangwale suka dangwala. Limamin ƙauyen ya ce a ba shi ya kwafe da ajami saboda waɗanda ba sa karanta boko, aka jira shi har ya gama. Yaya ya naɗe tasu a leda ya sa a aljihun gaba na rigarsa, sannan muka gangara fadama domin a nuna wa yaron inda rijiyar take.